Waya ta mutu mini a tsakiyar kasuwa, ina so in taɓa kuɗin haya in sayi babba

Assalamu alaikum Malam. Ni wakili ne na wani kamfani mai sayar da taki da iri da maganin feshi. Aikina yawo ne, Alhamis ina Maigatari, Juma'a ina Wudil, sauran ranaku duk inda dillalanmu suke tsakanin Kano da Jigawa. Komai a waya nake yi, karɓar oda, ɗaukar hoton rasit, da rahoton da nake tura wa ofis kafin ƙarfe 6 na yamma. Mako biyu da suka wuce batirin wayata ya mutu da azahar a Maigatari, wata babbar oda ta kuɓuce mini, ogana ya yi mini faɗa a gaban yaran ofis. Abokin aikina iPhone yake riƙewa, ban taɓa jin an yi masa faɗa ba. Na yanke shawarar in ɗauki naira 400,000 da ni da maiɗakina muke tarawa na haya in ba da kafin alƙalami na waya irin tasa, sauran in riƙa biya duk wata. Ta ce ba ta yarda ba. Yau kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ni a ganina kayan aiki ne, ita a ganinta ƙarya ce kawai. Malam wa ke da gaskiya?

Ƙaninka daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanina.

A yi wa magidanci faɗa a gaban na ƙasa da shi abu ne mai ciwo, kuma na san tun ranar ba ka da buri irin na ka tabbatar hakan bai sake faruwa ba. Wannan burin daidai ne. Hanyar da ka ɗauko ce nake so mu zauna mu duba, domin na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda wayar taka ta gaza, ban gani ba. Ba ka ce tana sanƙarewa ba, ba ka ce hoton rasit ba ya fita ba, ba ka ce manhajar kamfani ta ƙi buɗewa ba. Caji ne ya ƙare. Kuma caji yana ƙarewa a wayar miliyan ɗaya da rabi kamar yadda yake ƙarewa a ta dubu ɗari.

Ka tuna yadda ranar Alhamis take a Maigatari. Kana tsaye cikin rana, dole ka ƙure hasken fuskar waya kafin ka iya karanta komai, kuma fuskar nan ita ta fi komai shan caji. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa, ga dubban mutane kowa na kira a lokaci guda. Duk sa'ad da sabis ya yi rauni, waya ƙara ƙarfi take yi tana neman turken sadarwa, batir na zuba ba tare da ka taɓa ta ba. Ga shi garin a bakin iyaka yake, wayar kan yi ta laluben layukan Nijar tana dawowa. Sannan ga zafi. Kamfanin Apple da kansa ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Celsius, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu mukan haura 40. Da iPhone ce a hannunka ran nan, da ita ma ta sha wannan wahalar.

Saboda haka abu na farko, ka kai wayarka a duba batirinta. Batirin waya yana tsufa. Bayan an cika shi an sauke kamar sau 500, yawanci abin da yake iya riƙewa kan koma wajen kashi 80 cikin 100 na yadda yake yana sabo, zafinmu kuma yana gaggauta hakan. In wayar ta kai shekara biyu tana wannan yawon, to da wuya batirin bai gaji ba. Ka je wurin gyara na kamfanin da ya yi ta, in Tecno ce ko Infinix ko itel akwai Carlcare, a sa maka batir na asali. In ka ga bayan wayar ya fara kumbura, kada ma ka ƙara kwana da ita a caji, domin wannan haɗarin gobara ne.

Na biyu shi ne fawa bank, kuma a nan zan ɗan tsaya, don a nan ake cutar mutane da yawa. Lambar da ke rubuce a jikinsa ba ita ce ke shiga wayarka ba. Wanda aka rubuta wa 20,000 mAh, an auna shi ne da ƙarfin ƙwayoyin batirin da ke ciki, wato volt 3.7. Kafin wutar ta fito ta bi igiya ta shiga waya sai an ɗaga ta an sake sauke ta, wani kaso ya tafi a zafi. Abin da za ka samu a zahiri bai wuce kashi biyu cikin uku ba. Ke nan in batirin wayarka 5,000 ne, ka sa ran cika biyu da rabi, ba huɗu ba. Wannan ya ishe ka yini guda har da rara, ko da ka kwana a hanya. Na gaskiya mai wannan girman yana da nauyi a hannu, ya doshi gram 400. In aka miƙo maka wani ɗan mitsitsi mara nauyi an rubuta 50,000, ka mayar wa mai shi. Nauyin ma ba hujja ba ne shi kaɗai, don an sha fasa na jabu a tarar da ƙullin yashi a ciki. Ka saya a shagon da zai ba ka rasit da garanti, a Farm Centre ko titin Beirut akwai irinsu, kuma ka zaɓi mai bakin USB-C da ke caji da sauri. Da shi za ka sa waya minti talatin kana cin abinci ta ɗauki abin da zai kai ka la'asar. In wata rana aiki ya kai ka hawa jirgin sama, a jakar hannu ake riƙe shi, ba a sa shi cikin kayan da ake aunawa, kuma mai 20,000 bai kai iyakar da aka sa ba.

Igiyar caja guda biyu masu kyau, ɗaya a jaka kullum ba ta fita. Sau da yawa abin da mutum ke kira lalacewar waya igiya ce ta karye daga ciki. In da mota kake tafiya, ka sa cajar mota, amma kada ka ajiye wayar a gaban gilashi rana na dukanta tana caji. Zafin rana da zafin caji in suka haɗu, su ke kashe batir da wuri.

Kada ka ce ai a gida za ka riƙa cikawa. Ka tuna ƙarshen watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka kwashe kwanaki babu wutar lantarki, masu cajin kuɗi suka cika maƙil, mutum ya kai waya da safe ya karɓo da dare. Wanda abincinsa ke cikin waya bai kamata ya dogara da wuta ɗaya ba.

Sai maganar sabis. Layi biyu na kamfanoni daban-daban ya zama dole ga mai irin aikinka, kuma ba ni zan gaya maka wanne ya fi ba. Dillalanka su suka sani. Ka tambayi na kowace kasuwa wane layi ne ke ɗauka a wurinsu, ka rubuta, cikin wata ɗaya za ka haddace. In ka isa bakin iyaka, ka shiga saitin waya ka zaɓi kamfanin layinka da hannu, don ta daina tsallakawa. Game da 5G da ake ta talla, MTN ya fara shi a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo a 2023, amma har yanzu abin wasu unguwanni ne na manyan birane. Kada ka ƙara ko sisi a kan waya saboda shi alhali aikinka a kasuwannin ƙauye yake. In ma wayarka na da shi, ka mayar da ita 4G ranar tafiya, batir zai fi daɗewa.

Ka kuma koyi yin aiki kamar babu intanet. Rahotonka ka riƙa rubuta shi kaɗan-kaɗan tun safe a manhajar da ba ta buƙatar data, duk odar da ka karɓa ka shigar nan take, in ka samu sabis a hanya ka tura. Taswirar yankin da kake zagayawa ana iya sauke ta a Google Maps tun daga gida. Mutanen Zamfara sun ga abin da ya fi haka a watan Satumban 2021, da aka rufe layukan sadarwa a jihar gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Waɗanda suka ci gaba da harkarsu a lokacin su ne masu littafi da biro. Ka sayi ƙaramin littafi ka rubuta lambobin manyan dillalanka ashirin da ta oganka. Ka haɗa da ƙaramar waya mai madannai, irin wadda ke kwanaki ba a yi mata caji ba. Da tana aljihunka ran nan, da ka kira mai odar ka ce Alhaji a ajiye mini, da ka tura wa ofis saƙon tes, da magana ta ƙare a nan.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ba zan iya rufe wannan amsa ban faɗe shi ba, domin ya fi mutuwar batir muni nesa ba kusa ba. Shekarun baya an fizge mini waya ina cikin adaidaita sahu, bayan magariba, ina amsa kira. Na koma gida ina jimamin wayar da hotunan yara. Ban yi tunanin layin ba sai da asuba, da na ari waya na kira banki. Kafin nan an riga an cire sim ɗin an sa a wata waya, an yi amfani da shi an kwashe abin da ke asusuna. Kuɗin makarantar yara ne. Wayar kulle take da zanen yatsa, amma sim ɗin a buɗe yake, kuma shi ɓarawon yake so.

Don haka yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka sa wa layukanka lambar sirri ta sim. Tana cikin saitin kowace waya. Da zarar an cire layin an sa a wata wayar, ba zai yi aiki ba sai an shigar da lambar. Ka yi a hankali, domin in aka yi kuskure sau uku layin na kullewa sai an sa lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki. Ka nemo katin tukuna, ko ka tambayi kamfanin layinka. Layin da ke haɗe da bankinka kuwa, ni shawarata ka mayar da shi cikin ƙaramar wayar, ta zauna a aljihun ciki, babbar da kake fitarwa a bainar jama'a ta riƙe layin data da na hulɗa. Ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ka rubuta a littafin nan, ka kuma ba maiɗakinka. Ka danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayarka, za ta fito, ita ma ka rubuta, ita 'yan sanda za su fara tambaya. WhatsApp ɗinka, wanda a nan duk cinikinka yake, ka kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu, lamba shida ce kawai, kuma kada ka taɓa karanta wa kowa lambar da aka turo maka ta tes ko da ya ce daga ofishinku yake.

Hotunan rasit da lambobin mutane su riƙa hawa asusunka na Google da kansu. Ana ba kowa giga 15 kyauta, Gmail da Drive da hotuna duk a ciki suke rabawa, kuma yanzu ajiyar WhatsApp ma a ciki ake lissafa ta, don haka ka cire bidiyo daga abin da ake ajiyewa kada wurin ya cika. Wayoyin Android tun daga na 10 zuwa sama sun samu wani tsari a 2024 da ke kulle fuska in waya ta ji alamar an fizge ta an ruga. A kashe yake zuwa a yawancin wayoyi, sai ka shiga ka kunna. Duk waɗannan ba za su ci maka ko naira ɗaya ba, minti talatin ne a zaune.

Yanzu mu dawo kan iPhone ɗin. Waya ce mai kyau, ba zan rage mata komai ba, tana daɗewa kuma tana da daraja in za a sayar. Amma ka san abin da za ka shiga. In ta hannu ce aka kawo daga Amurka, tun daga iPhone 14 ta 2022 ba su da ramin sim ko ɗaya, sai eSIM, wato layin da ake saukewa a cikin waya. MTN da Airtel na bayarwa, sai dai ranar da wayar ta mutu a ƙauye ba ka da abin da za ka zare ka sa a wata. Ta hannu kuma dole a duba lafiyar batirinta da ko tana ɗaure da asusun iCloud, wato asusun Apple, na wani. In fuskarta ta fashe, kuɗin canjin kaɗai ya sayi wata wayar. Kuma kai da kanka ka san yadda ƙwacen waya ya addabi Kano. Mutumin da ke fito da waya sau ɗari a yini cikin cunkoson kasuwa, bai kamata ya riƙe abin da in an fizge zai shekara yana biyan bashinsa ba.

Shi kansa tsarin biya duk wata, ka tambaye su abu biyu kafin ka sa hannu: nawa ne jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, kuma me zai faru in ka makara. Da yawa daga cikin masu ba da waya bashi suna sa mata manhajar da ke kulle ta daga nesa in ranar biya ta wuce. Ka kwatanta albashi ya yi jinkirin mako ɗaya, kana tsakiyar Wudil ranar Juma'a, waya cike da caji amma ta ƙi buɗewa. Abin da kake gudu shi za ka sayo da kuɗinka. In kuma akwai ƙarin da ke hauhawa saboda jinkiri, wannan sai ka kai wa malamin da ka yarda da shi ya duba maka kafin ka shiga.

In an duba an ce wayarka ta gama yayi, to ka sayi matsakaiciya da kuɗin hannu. Batir 5,000 ko sama, ramin sim biyu, ma'ajiya giga 128 aƙalla, ram 6 ko 8, da bakin USB-C. Ka duba lambar IP a kwalinta saboda ƙurar hunturu da ruwan damina, in lambar farko 6 ce ƙura ba ta shiga, in 5 ce tana hana mafi yawa. Ka kuma tambayi shekara nawa kamfanin zai riƙa aiko mata da sabuntawar tsaro, tunda da ita kake shiga banki. Samsung ya yi wa Galaxy A16 alƙawarin shekara shida, kuma ba ta cikin masu tsada. Sauran abin da ake ta kururutawa a sababbin wayoyi, kyamara huɗu da ƙirƙirarriyar basira da fuska mai naɗewa, babu wanda zai ƙara maka buhun taki ɗaya a oda.

Abokin aikinka kuma, ka daina kallon abin da ke hannunsa, ka tambaye shi abin da ke jakarsa da ƙarfe nawa yake fara rubuta rahoto. Ina kyautata zaton a nan bambancin yake. Ogan naka ma ka same shi shi kaɗai, cikin ladabi, ka ce Yallabai abin da ya faru ba zai sake faruwa ba, ga matakan da na ɗauka. Sannan ka roƙa ko kamfani zai ɗauki nauyin fawa bank da kuɗin data na wakilan da ke fita, tunda aikinsu ake yi da su. Ko bai bayar ba, ya ga mutumin da ya ɗauki gyara.

Ka tambaye ni wa ke da gaskiya. A kan cewa waya kayan aiki ce, kai ke da gaskiya, kuma ban yarda cewa ƙarya ce ta motsa ka ba, zafin wulaƙanci ne. A kan kuɗin kuwa, ita ke da gaskiya. Da bakinka ka ce ku biyu kuke tarawa. Akwai guminta a ciki, akwai abin da ta hana kanta, wataƙila atamfar da ta gani ta kawar da kai, wataƙila bikin da ta je hannu rabbana. Kuma haya tana da rana. Mai gida ba zai karɓi waya ba, kuma kunyar a zo ana sallama a ƙofar gida saboda kuɗin haya, a gaban maƙwabta da 'ya'yanka, ta fi ta ofis nauyi. Ita wannan ranar take hangowa.

Ina kuma zargin ba ka gaya mata abin da ya faru a ofis yadda ka gaya mini ba. Mu maza mukan shigo gida da hukunci, mu bar dalilin a waje. Ta ji "zan ɗauki kuɗin haya in sayi waya", ba ta ji "an ci mini mutunci a gaban yara, ina tsoron aikin nan ya kuɓuce" ba. Kwana uku ya isa. Yau bayan isha, in yara sun kwanta, ka zauna kusa da ita ka ba ta labarin tun daga azahar ɗin Maigatari. Ka ce mata ka fasa taɓa kuɗin. Ka nuna mata abin da za ka saya, sabon batir, fawa bank, igiya biyu, ƙaramar waya da littafi, ku lissafa tare, za ku ga ɗan kaso ne na abin da ka yi niyyar kashewa, kuma daga albashinka zai fito. In har yanzu ranka na son babbar wayar, ku buɗe mata nata asusun daban, ku sa mata wata goma ko shekara, ranar da kuɗin ya cika ka saya ba bashin kowa a kanka.

Daren Laraba mai zuwa ka cika waya da fawa bank da ƙaramar wayar, ka sa su a jaka tare da littafin tun kafin ka kwanta. In ka dawo daga Maigatari ka duba kashi nawa ya rage a batirin da ƙarfe 6, ka rubuto mini. Ka gaishe mini da maiɗakin naka.